Ƙasusuwan Goggo Evlambiya

Stuttgart, 22 ga Fabrairu, 1976

'Yar kawuna Garifaliya,

Gaisuwa mai yawa daga ƙasar da rana ke yi wa mutane rowa. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Zisis da gwiwar nan tasa mai faɗin ranar da za a yi ruwa. Ni lafiyata ƙalau in ban da tari. Matata Erasmiya tana gaishe ki, ta ce busasshen ɓauren da kika aiko bai kwana uku a gidan nan ba.

Albishirinki. Kin san shekara biyu ke nan ƙungiyarmu ta ma'aikata tana fafutukar sake buga littattafai uku na Inna Evlambiya a haɗe. Waɗanda ke hannun mutane a nan duk sun yage don karatu. Akwai wanda na gani a ɗakin kwanan ma'aikata, mai shi ya ɗinke shi da zaren takalmi. In na ce musu marubuciyar yayar mahaifiyata ce, ƙanwar mahaifinki, sai su tashi su ba ni kujera. To, sabon bishop na gida ya amsa takardarmu, ya yarda zai rubuta gabatarwa da hannunsa. Matar da wancan bishop ya hana magana a harabar coci, yau magajinsa zai sa mata hannu! Sharaɗi ɗaya ya gindaya. Tunda a watan Yuni take cika shekara biyar a ƙasa, zai aiko wakili ya tsaya ranar da za a tono ƙasusuwanta bisa al'adarmu, ya gani da idonsa ya kai masa labari.

A nan murnata ta tsaya. Mutanen nan duk sun sa rai ƙasusuwan za su fito farare tas, wasu ma har cewa suke launin zuma da ƙamshi, irin na tsarkaka. Ba su san inda aka binne ta ba. Ni da ke mun sani. A kwarin maƙabarta take, ba a tudu ba, kuma ba sai na gaya miki yadda mutanen kwari ke fitowa ba. In aka ɗago ƙoƙon kanta baƙi a gaban wakili, ba gabatarwa kaɗai za mu rasa ba. Masu cewa shaiɗan ne ya nuna mata abin da ta gani za su ce ga shi ƙasa ma ta ba da shaida.

Don haka ina roƙonki ki ɗaga ranar. Ki ce wa limamin cocinmu Fada Timiyos ba ki shirya ba, a ƙara shekara biyu. Kafin nan littafi ya fito, kuma abin da aka buga ba ya gogewa. Na san halinki, tun muna yara ba a taɓa ce miki hagu kin yi hagu ba, amma wannan karon ki saurari taubashinki.

Naki,
Anestis

Karidorema, 14 ga Maris, 1976

Bajamushe,

Takardarka ta same mu lafiya. Gwiwar Zisis na nan tana aikinta, akuya ta haifi biyu, azumi ya kama, wake da zaitun muke ci har mun fara kama da su. Ka gaishe da Erasmiya, ka ce mata wani ɓauren sai kaka.

Yanzu kai. In ɗaga rana? Shekara biyar ina sanye da baƙi. Shekara biyar kullum da la'asar ina sauka kwari da kwalbar mai da tulun ruwa, in kunna mata fitila, in cire ciyawa, in ba ta labarin gari. Kai da ko jana'izarta ba ka zo ba, kana can bakin injinka kana yanko mini shekara biyu kamar burodi. Ita ma ta gaji da nauyin ƙasa. Asabar biyar ga Yuni zan tono ta, ko bishop ya aiko wakili ko ya zo da kansa da hular zinariyarsa. Rana dai ba ta ƙarya.

Da alama hayaƙin masana'anta ya mantar da kai wace ce Goggo, bari in tuna maka. A tsaye ta koyi karatu, bayan tagar makaranta, da tulu a kafaɗa, don gidanmu ba a sa 'ya'ya mata. Mijinta ya tafi yaƙi bai dawo ba. Ɗanta ɗaya zazzaɓi ya ɗauke shi, kuma a bakin rafin da take wanke kayansa na ƙarshe ta fara ganin wahayi. Ba ta taɓa cewa ita tsarkakakkiya ce ba. Cewa ta yi ta ga Almasihu zaune cikin mata masu jera ganyen taba a zare, yatsunsa sun yi baƙi da danƙo kamar nasu, da aka kira ta aka tambaye ta kuma ta maimaita. Littattafan makaranta goma sha ɗaya ta cika da hannunta. Da aka hana ta magana a harabar coci sai ta koma bakin ƙofarta, taku ashirin daga katanga, ta ƙara murya, har fadan lokacin ya riƙa barin tagarsa a buɗe. A shekarar yunwa ita ta tsara wa mata tukunya ɗaya ta unguwa, kai ma ka ci daga ciki, da majina a hancinka. Rabin matan garin nan a kan teburin girkinta suka koyi rubuta sunansu, har da ni. Irin wannan matar kake so in ɓoye wa wani yaron bishop?

Kuma ba wanda ya jefa ta kwari. Muna da wuri a tudu kusa da Baba. Ana saura kwana uku ta cika, ta riƙe wuyan hannuna ta ce, "Kwari za ki kai ni, inda zan nuna miki, kuma kada ki ƙara ko kwana ɗaya a kan shekara biyar." Na ce, "Goggo, bakin mutane fa?" Ta ce, "Su zo da yawa." Ban gane ba, har yau ban gane ba, amma na yi alkawari.

Ka kwantar da hankalinka. Muddin ina numfashi ba mai kunyata Goggo a garin nan.

Taubashiyarka,
Garifaliya

Stuttgart, 4 ga Afrilu, 1976

Garifaliya,

Na ji daɗin jin lafiyarku. Mu ma lafiya, sai dai Erasmiya ta ce na rage cin abinci. Zagin ya iso, na karɓa, rabinsa na cancanta.

Kin ce ban zo jana'iza ba. Gaskiya ne, kin kuma san dalili, amma bari in faɗa da bakina sau ɗaya. Ina tsaye a bakin rami ranar da aka tono Mama, shekara goma sha huɗu ke nan. Na ga an ɗago kanta baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Na ga mata sun ja baya, ana miƙa shi hannu zuwa hannu da sauri, ba mai sumbata sai ke da Inna. Na ji Agoro matar mai injin niƙa ta ce, ko rage murya ba ta yi ba, "Vasilo shiru-shiru, ashe da abin da ta ɓoye." Ni na ɗauki akwatin zuwa ɗakin ƙasusuwa. Na ɗaure shi da ɗamarata ta fata, na tura shi can lungu a ƙasa, ban rubuta suna ba. Bayan wata biyu na hau jirgi. Wasu a nan sukan ce ruwan ƙasa ne ke jawo haka, in ce musu e, amma in na kaɗaita sai in tambayi kaina me Mama ta aikata. Ina jin kunyar wannan tambaya, ta kuma ƙi barina. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake.

Layinki na ƙarshe ya sanyaya mini rai. Tunda kin ce ba mai kunyata ta, na fahimci kin shirya yin abin da ya kamata, rubutawa ne kawai ba kya so. To ga gudummawata. Pandelis direba zai kawo miki gwangwani mai shuɗin murfi. Garin da ake wanke zannuwan asibiti da shi ne, ba baƙin da ba ya cirewa. Ranar Laraba in gari ya watse kasuwa, ke da Zisis ku buɗe kabarin, ku jiƙa ƙasusuwan, ku mayar, ki sake dasa furanni a kai. Wannan ba ƙarya ba ce, wanki ne. Ke ma kin san farinta a wurin Allah, idon mutane kawai za mu taimaka wa.

Naki,
Anestis

Stuttgart, 9 ga Mayu, 1976

Almasihu ya tashi, 'yar kawu!

Ina fata kun yi Ista lafiya, kuma Zisis ya bar wa baƙi ko ƙafar ragon. Mako biyar ba amsa. Pandelis ya dawo ya ce hannu da hannu ya ba ki gwangwanin, kin buɗe kin shinshina, kin ce ya gaishe ni. Da farko na damu, daga baya na ce wa kaina shiru ma amsa ce, irin wannan aiki ba a sa shi a takarda. Allah ya yi miki albarka.

Saboda haka na saki jiki. Na miƙe a taron ƙungiya na ce kowa ya rubuta gida, danginsa su je Karidorema ranar biyar ga Yuni su ga abin da Allah zai nuna. An ce ƙauyuka huɗu za su ɗauki mota. Na kuma rubuta wa ofishin bishop na ce ba abin da muke tsoro. Layi ɗaya kawai nake so daga gare ki. Ki ce furanni sun kama, zan gane.

Anestis

Karidorema, 23 ga Mayu, 1976

Haƙiƙa ya tashi.

Lafiyarmu lau. Dashen taba ya hana ni riƙe alƙalami mako uku, sauran makonnin fushi ne.

Furanni ba su kama ba, don ban tumɓuke su ba. Ka karanta layina da idon tsoronka, ka ga abin da ban rubuta ba. Ni in tono Goggo a ɓoye kamar ɓarauniya, in jiƙa ta a bahon wanki? Matar da aka ce ta canza "na gani" zuwa "na yi mafarki" a bar ta ta huta, ta ce sai dai a yanke hannun? Ban san lokacin da ka lalace haka ba. Garinka na wanke labule da shi, ya yi kyau, na gode. Ƙauyuka huɗu kuma da ka gayyato, madalla, ka yi mata aikin da ta nema ba ka sani ba.

Amma takardarka ta Afrilu ta sa ni kuka, ba zan ɓoye ba. Ban san haka kake ɗauke da Goggo Vasilo ba. Takardar ce ta sa na sauko da akwatin littattafan Goggo Evlambiya, na bi su ɗaya-ɗaya ina neman ko ta faɗi wani abu a kan ƙanwarta. Na samu a na goma sha ɗaya, wanda ba a taɓa bugawa ba don ba wahayi a cikinsa. Ni kaina na ɗauka jerin sunayen matattu ne na addu'a, ban taɓa zama na karanta ba.

Makon da aka tono mahaifiyarka Goggo ta fara shi. Ta rubuta duk tonon da ta halarta tun tana amarya, ta ci gaba har idonta ya gaza: suna, wurin kwanciya, launin ƙashi. Mutum saba'in da huɗu. Na tudu duk fari, har da tsohon mai gadin gonaki da ya karya wa matarsa hannu sau biyu. Na kwari duk baƙi, ba ɗaya da ya tsira, har da Zoitsa 'yar Stamato, yarinya 'yar shekara uku. A shafin farko ta rubuta: "Wannan ba wahayi ba ne, ido ne. Na kai wa fada, ya ce kada in tada hankalin mutane. Na faɗa a bakin ƙofata, suka ce ƙanwata nake karewa. Takarda ba za ta ishe su ba."

Anestis, wurin da ta nuna mini in binne ta, shi ne ramin da mahaifiyarka ta kwanta. Na ɗauka kewar ƙanwa ce, shi ya sa ban taɓa fama maka ciwo da zancen ba. Yanzu na gane abin da take nufi da su zo da yawa. Ba addu'ar ta fito fara nake yi ba. Ka gaya wa ƙungiyarku abin da ka ga dama.

Garifaliya

Karidorema, 6 ga Yuni, 1976

Ɗan goggona,

Muna lafiya, tafin hannuna ne kawai ya yi bororo. Ban ga amsarka ba, ban kuma jira ta ba. Jiya na tono Goggo.

Mutane sun cika kwari har kan katanga. Wakilin bishop matashi ne mai tabarau, da ɗan littafi a hannu, yana ta ɗage rigarsa daga laka. Zisis ya yi haƙa har katakon akwatin gawa ya bayyana, sannan ya kama hannuna na sauka, don daga nan aikin mata ne. Na ajiye shebur na shiga da yatsu, ruwa na tsattsafowa a tsakaninsu. Mata suna waƙar makoki, da suka ga na sunkuya da hannu biyu sai suka yi tsit.

Baƙi ne, Anestis. Baƙi wuluk. Na yi masa alamar gicciye, na sumbace shi, na ɗora shi a farin ƙyalle, na ɗaga sama yadda na kan katanga ma za su gani.

Agoro ce ta fara, ka san ba ta canza ba. "To fa! Mai ganin sama, ashe ƙasa ta gan ta."

Na ce, "Inna Agoro, matso kusa, idonki ya tsufa. Zo ki gaya mana zunubinta, ke da kika koyi rubuta sunanki a kan teburinta."

Na ciro littafin daga ƙirjina. Fada Timiyos ya ce, "'Yata, mace ba ta wa'azi a harabar coci, kin sani."

Na ce, "Ka yi haƙuri, Fada, harabarku tana sama. Ni a rami nake, wannan kuwa tun kaka da kakanni mu kuka bar wa."

Wani ya tuntsire da dariya a baya, na fara karatu. Suna, wuri, launi. Da na zo kan wasu mutanen tudu aka fara gunaguni, don 'ya'yansu na wurin. Da na ce, "Zoitsa 'yar Stamato, shekara uku, kwari, baƙi," sai uwarta, tsohuwa Stamato, ta ratso mutane da sandarta. Shekara talatin ba ta ambaci yarinyar nan a gaban kowa ba.

Ta ce, "Miƙo mini ita."

Ta karɓi kan Goggo da hannu biyu ta sumbata, ta juya wurin wakili. "Ɗana, kai ka yi karatu. Me 'yata ta yi?"

Ya ce bai sani ba.

Ta ce, "To rubuta haka a littafinka."

Ba zan yi maka ƙarya in ce kowa ya yarda ba. Mota biyu sun tashi tun kafin a raba dafaffiyar alkamar sadakar mamaciya, suna cewa an yaudare su. Agoro ta tafi ba ta sumbata ba. Wakili ya ce mini cikin ladabi bai ga alamar da zai kai ba, don haka kada ku jira gabatarwa. Na ce ya gaishe da bishop, ya kuma goge takalminsa kafin ya shiga mota.

Amma mata goma sha tara sun je sun tsaya a gaban Fada sun miƙa hannu, ya ba su makullin ɗakin ƙasusuwa. Suka fito da akwatunan lungu, waɗanda ba suna, suka jera su a rana. Ruwan inabin da na tanada don wanke Goggo bai isa ba, Zisis ya ɗingisa gida ya ɗauko tulun da yake ɓoye wa kansa, yana tsammanin ban san da shi ba. Akwatin mahaifiyarka da ɗamararka na gane shi. Na wanke ta da hannuna, na sumbaci goshinta sau biyu, ɗaya nawa ɗaya naka. Ita ce ta hamsin da ɗaya a littafin. Na ajiye su kusa da juna a kantar sama, kuma in aka cire murfi ba mai iya bambance yaya da ƙanwa.

Yau na tuɓe baƙi na sa shuɗi, Zisis ya ce bai gane ni ba. Na sayo fenti da buroshi. In rubuta sunan ne, ko in bari?

Garifaliya

Stuttgart, 20 ga Yuni, 1976

Uwar taurin kai,

Muna lafiya, tarin ma ya tafi. Takardarki ta Mayu na karanta na cusa a aljihu, haushi da tsoro suka hana ni amsawa. Ta Yuni a tsaye na karanta ta a ƙofar masana'anta, na nemi dakali na zauna, na makara aiki karo na farko cikin shekara goma sha huɗu.

Na karanta wa ƙungiya su duka biyun, har da zancen gwangwani, don kada su ji a bakin wani. An yi hayaniya. Mutum shida sun janye. Ɗaya ya ce in ba hannun bishop littafin ba shi da albarka, na ce masa ai shekara arba'in littafin ya yi ba hannun kowa, bai hana ka ɗinke naka da zaren takalmi ba. Za mu buga. Shafukan da muka bari don gabatarwa, littafi na goma sha ɗaya ne zai shiga ciki, da duk sunayen saba'in da huɗu. Ki kwafe mini shi a hankali, don rubutunki kamar kaza ta bi ta kan laka.

Kada ki taɓa buroshin nan. Na karɓi hutu, goma ga Yuli jirgina zai iso. Ni na ƙi rubuta sunan, ni zan rubuta shi. Vasilo, ƙanwar Evlambiya, uwar Anestis. Da manyan haruffa zan yi, yadda Agoro ma za ta iya karantawa daga bakin ƙofa.

Taubashinki,
Anestis